Gwangwani Biyu a Kan Tebur

Tullio bai gama turo ƙofar ba idonsa ya sauka a kan gwangwanayen albarushin. Biyu ne, ja da kore, suna tsaye gefe da gefe a kan teburin Oreste, kowanne bakinsa a buɗe.

"Shigo ka rufe min ƙofa, kana sako min sanyi," in ji Oreste, ko waiwayowa bai yi ba. "Shekara arba'in kana shigowa ɗakin nan, har yau ba ka koyi rufe ƙofa ba."

"Ai na ji likita ya ce ka zauna a gado."

"Likitan ya zo ya ɗura maka harsashi mana, in ya iya."

Tullio ya rufe ƙofar. Tsohon yana zaune a doguwar kujerarsa, bargo a kafaɗa, yana juya hannun ɗan ƙarfen da yake naɗe bakin kwanson harsashi da shi. Ya rame har agogonsa yana zamewa daga wuyan hannu. Ya zare harsashin, ya ɗaga shi wajen hasken taga, ya shafa bakin da babban yatsa, sannan ya sa shi a gurbin ƙarshe na kwali. Ashirin da biyar cif. Kwanon da yake zuba albarushi yana ɗiba ya riga ya kakkaɓe shi tas, ya kife.

Duk wanda ya taɓa saɓa bindiga a ƙauyen Roccamela ya san dokar Oreste: gwangwani ɗaya a kan tebur, ba biyu ba. Koren na bindigar tsuntsaye ne. Jan kuwa na ƙaramar bindigar hannu ne, wadda yakan je harbin allo da ita ranar Lahadi, albarushi mai saurin ci wanda ɗan kaɗan ake zubawa. In aka auna shi da yawan da ake auna koren, aka ɗura a bindigar tsuntsaye, ƙarfen ne zai tsage a hannun mai harbi. Oreste bai karanta wannan a takarda ba. Ƙanensa Ennio ne ya yi kuskuren suna samari, kuma da dungun hannun hagu aka binne shi bayan shekara talatin. Tun daga lokacin Oreste bai taɓa sauke gwangwani na biyu daga kanta ba sai ya rufe na farko ya mayar. Ya taɓa korar wani babban mutum daga ɗakin nan, da sanda, don kawai ya sauko da gwangwani ya duba rubutun jikinsa.

Aikin gidan waya ya yi har ya yi ritaya. Ɗurin harsashi sha'awa ce kawai, bai taɓa sayar da ko guda ba. A da mutum tara ne suke karɓar kwali daga hannunsa duk kaka. Biyar sun mutu, biyu sun bi 'ya'yansu birni, ɗaya ido ya hana shi. Saura Tullio.

Tari ya sarƙe tsohon, ya duƙa yana neman numfashi, ya rufe baki da ƙyalle. A wannan ɗan tsakanin Tullio ya miƙa hannu ya rufe jan gwangwanin, ya mayar da shi kanta, kamar ɓarawon da ya zo mayar da kaya. Da Oreste ya ɗago, idanunsa jike da hawayen tari, bai lura da komai ba. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunan Tullio da kwanan wata a murfin kwalin, rubutun yana rawa.

"Riƙe. Waɗannan ne na ƙarshe, kada ka ɓarnatar min da su a kan gajimare kamar yadda ka saba."

"Wane irin na ƙarshe kuma? Kai da za ka binne mu duka."

"Tullio, ƙarya ba ta yi maka kyau. Kunnenka ja yake yi."

Tullio ya karɓi kwalin da hannu biyu. Ya so ya ce, Oreste, daga wane gwangwani ka ɗiba? Maganar ta zo har bakinsa, ya dubi fuskar tsohon, ya ga irin murnar da bai gani ba tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti, sai ya haɗiye ta. Ya ce ya gode, ya fita, ya ja ƙofar da kyau.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu. Delfina, matar Tullio, tana zaune a kekenta na guragu kusa da murhu tana gyaran wake. Shekara shida ke nan da ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Shi yake ɗaga ta daga gado da safe, shi yake mayar da ita, shi yake taje mata kai ranar zuwa coci. Ta dube shi sau ɗaya ta ajiye kwanon.

"Me ya faru? Ya mutu ne?"

"Da sauransa."

"To me ya sa ka shigo kamar wanda aka kora daga wajen biki?"

Ya gaya mata. Ta saurara ba ta katse shi ba, abin da ba halinta ba ne. Sannan ya shimfiɗa tsohuwar jarida a tebur, ya zaro harsashi ɗaya, ya yanka shi a hankali da wuƙar dashen itace. Ƙwayoyin dalma suka gangaro, matoshin ya fito, sai albarushin. Falle-falle ne, launin toka mai ɗan kore. Na koren gwangwani ne. Na jan baƙi ne, ƙanana kamar yashi, ko makaho zai bambance su da yatsa.

"Kin gani? Lafiya lau ne," in ji shi, yana jin kamar an sauke masa buhu.

"Wannan ɗin lafiya lau ne. Ka kuma lalata shi. Sauran ashirin da huɗun fa?"

"In ɗaya daidai ne, ai..."

"Ai me? Mutumin da ya kira ni da sunan uwarsa ranar Talata? Maganin da suke ba shi yana ɗauke masa hankali ya dawo da shi, kai ma ka sani. Yana iya ɗura goma daga nan, ya tashi shan ruwa, ya dawo ya ɗura biyar daga can."

Ya ɗauko sikelin da take auna fulawa, ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Nauyinsu ɗaya. Dole su zama ɗaya, don hannun Oreste ko cikin barci ba ya kuskuren awo, kuma awon ne ma abin tsoron. Ya girgiza su a kunne, ya haska su da fitila, duk a banza. Hanya biyu ce kawai ta sanin abin da ke cikin harsashi: ko ka yanka shi, ko ka harba shi. Shi kuwa bai taɓa koyon ɗuri ba, balle ya yanka ya sake haɗawa. Shekara arba'in yana tsaye a bayan Oreste yana surutu, bai taɓa tunanin ranar da zai buƙaci koyo ba.

"Ka saurare ni, Tullio," in ji Delfina. Ta kama hannunsa na hagu ta riƙe. "Ina ƙaunar tsohon nan, Allah ya sani. Amma in wannan hannun ya tafi, wa zai ɗaga ni? Oreste? Ko 'yarmu da take kiran waya sau biyu a wata? Gidan tsofaffi za su kai ni, kai kuma ka zauna kana cin taliya da cokali."

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Na san fuskar nan."

Sati bai zagayo ba Oreste ya kwanta gaba ɗaya. Nives, matarsa, ta sa aka jawo gadon zuwa jikin tagar sama, wadda take kallon kwarin da tudun da ke ƙetare. A saman tudun, cikin itatuwa, bukkar harbin Oreste da Tullio take, su biyu suka gina ta da katakon tsohuwar rumfa. Tullio yakan leƙo kullum bayan ya ba Delfina abincin rana. Wata rana ya tarar da shi garau, yana zagin gwamnati da 'yan ƙwallo. Wata rana ya tarar da shi yana tambayar ko Ennio ya dawo daga gona. Amma ko a wane hali ya same shi, magana ɗaya ba ta ɓace masa.

"Kurciyoyin daji sun fara ratsowa?"

"Tukuna. Iskar ba ta juya ba."

"Ranar da ta juya ka hau da asuba. Zan sa Nives ta buɗe tagar nan. Ba na ganin tudun sosai yanzu, amma kunnena yana nan." Ya ɗaga yatsa. "Harsasan kanti haushi suke yi kamar ɗan kwikwiyo, kau, kau. Nawa kuwa daga ƙirji suke magana. Cikin harbi ɗari zan ware maka nawa."

Ba cika baki ba ne, kowa ya sani. Ya sha zama a dandali da kofin kofi ya faɗi wanda ya yi harbi a bayan tudu da abin da ya ɗura, a je a tarar haka ne.

"Sau ɗaya kawai nake so in ji su," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "In ji cewa har ƙarshe hannuna bai ci amanata ba. Komai ya tafi, Tullio. Fitsari ma sai an taimake ni. Wannan ɗin kaɗai ya rage da na yi da kaina."

Tullio ya ji tausayi ya cika masa ƙirji har ya kasa kallonsa. Ya ce za a yi, ya gyara masa bargo, ya sauko. A gindin matakala ya tarar da Nives tana matse lemo, ya tsaya ya gaya mata komai a gurguje, murya ƙasa-ƙasa. Ta ajiye lemon da ke hannunta.

"Ni ce na buɗe masa ɗakin ranar," ta ce. "Ya roƙe ni kamar yaro." Ta goge hannu a jikin riga. "Kada ka kuskura ka gaya masa, maƙwabci. In ya ji ya bar gwangwani biyu a buɗe, ba ciwon ne zai kashe shi ba."

"To ya zan yi?"

"Ka yi yadda za ka yi. Ni dai ban ce ka harba ba, ban ce kada ka harba ba. Ni ma mace ce mai miji, na san abin da Delfina take tsoro."

Kashegari ya tuƙa 'yar motarsa zuwa gari, ya shiga kantin kayan farauta, abin da rabonsa da yi har ya manta. Ya ce wa matar da ke sayarwa yana son harsashi mai murya mai kauri. Ta yi dariya har ta dafa kanta.

"Baba, kurciya za ka harba ko waƙa za ka yi mata?"

"Ki dai ba ni mafi nauyi."

Ta ba shi. Ya dawo da kwalin a ƙarƙashin kujerar mota, ya shigo da shi ta ƙofar baya don kada a hango daga tagar sama. Kunya ta ishe shi, kamar ya shigo da wata mace gidan.

Iskar ta juya ranar goma sha ɗaya ga Oktoba. Tullio ya ɗaga Delfina, ya zaunar da ita, ya haɗa mata kofi, ya saɓa bindigarsa mai baki biyu. Ta ga kwali biyu a jakar. Ta bi hannunsa da ido har ya fita.

Gari yana wayewa ya isa bukkar. Ya ɗaure tantabarun jan hankali a kan sandunansu, ya hau dakalin katako, ya zauna a gefen da ya saba, ya bar gefen Oreste. Daga nan ana hango Roccamela gaba ɗaya, gidaje sittin, hayaƙi yana fita daga goma sha biyu. Ya nemo gidan Oreste. Tagar sama a buɗe take, labule yana kaɗawa.

Ya karya bindigar ya zura na Oreste guda biyu. Sun shiga sumul, kamar kullum. Ya ce a ransa, guda ɗaya kawai. Na yanka ɗaya na ga lafiya. Mutumin nan ya ɗura min dubbai bai taɓa kuskure ba. Guda ɗaya, ya ji, shi ke nan.

Garken farko ya ɓullo daga bakin kwari, kurciyoyin daji wajen talatin, suna tahowa ƙasa-ƙasa saboda iska. Ya ja igiya, tantabarun suka buɗe fiffike, garken ya karkato. Ya ɗora bindigar a kafaɗa, ya zaɓi ta gaba, ya sa yatsa a kunama. Sai ya ga hannunsa na hagu. Yana riƙe da ƙarfen daidai inda na Ennio ya tsage. Ya ga tabon wuƙa a babban yatsa, ya ga zoben aure da ya nutse cikin nama. Yatsansa na dama ya ƙi motsi. Kurciyoyin suka wuce ta kansa har yana jin fiffikensu, suka ɓace bayan tudu.

Ya sauke bindigar. Ya zauna ya yi ta zagin kansa, matsoraci, tsohon banza, ɗan ƙwaya ɗaya ya gagare ka. Garke na biyu ya zo, ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Rana ta fara haske a kan rufin gidaje, tagar tana nan a buɗe, kuma ya san sanyin safiyar yana shiga ƙirjin tsohon. Ya zare na Oreste ya mayar kwali, ya zura na kanti. Da garke na uku ya zo ya harba. Ya yi harbi shida a safiyar, ya kayar da uku. Kowane harbi ya ji shi a kunnensa siriri, kau, kau, duk nauyin da matar ta ce suna da shi.

Al'adarsu ce, wanda ya harba harsashin Oreste yakan tsince kwanson ya mayar masa don a sake ɗurawa, tare da tsuntsu ɗaya na tukunyar Nives. Tullio ya shiga da kurciyoyi biyu. Nives ta karɓa ba ta dube shi ba. Ya hau matakala yana fatan ya tarar da ɗaya daga cikin ranakun da tsohon yake neman Ennio. Bai yi sa'a ba. An jingina shi da matashin kai uku, an aske masa gemu, idonsa tar.

"Uku cikin shida," in ji Tullio daga bakin ƙofa, yana ƙaƙalo fara'a. "Ka ga ban ɓarnatar ba."

"Ina kwanson?"

"Sun faɗa cikin ƙaya. Ka san gangaren nan, ciyawa ta..."

"Shekara arba'in ba ka taɓa ɓatar min da ko ɗaya ba. Ka taɓa shiga rafi har ƙugu saboda guda." Ya nuna kujera. "Zauna. Rufe tagar tukuna, na ji abin da zan ji."

Tullio ya rufe tagar ya zauna. Ɗakin yana warin magani da bawon lemo.

"Na farko na ce iska ce ta murɗe ƙarar," in ji Oreste. "Na biyu na ce kunnena ne ya tsufa. Na jira har na shida. Kai ba mai raina kyauta ba ne, kuma ba ka da kuɗin zubarwa a kanti. To me ka gani?"

"Ban ga komai ba. Na manta kwalin ne a gida."

"Kunnenka, Tullio."

Ya ji Nives ta tsaya a kan matakala, katakon ya yi ƙara ya yi shiru. Ya nemi wata ƙaryar ya rasa. Ba a yi wa mutumin da ya ɗauki gawar ubanka zuwa maƙabarta ƙarya sau uku a jere.

"Gwangwani biyu," ya ce. "Ranar da ka ba ni. Ja da kore, duka a buɗe."

Oreste ya kafa wa bango ido. 

"A kan tebur?"

"A kan tebur."

"Ni?"

"Maganin ne, Oreste, ba kai ba ne. Kuma na yanka ɗaya, wallahi lafiya lau yake, na koren ne. Wataƙila dukansu haka suke. Wataƙila ka sauko da jan ne kawai don ka goge ƙura."

"Wataƙila." Ya ɗaga hannuwansa daga kan bargo ya dube su, gaba da baya. "Ba na tunawa. Ina tuna na rubuta sunanka. Ban tuna jan gwangwani ba ko kaɗan." Muryarsa ta karye. "Na ba ka da hannuna. Na ce ka hau ka harba ina saurare. Da ina kwance a nan ina jin ƙarar fashewar hannunka, ina murna."

"Ai ban harba ba. Ga ni, ga hannun."

"Ka yi daidai. Da ni ne ma haka zan yi, in kuma zage ka a kai." Ya yi ƙoƙarin murmushi, abin bai yiwu ba. "Je ka wajen matarka. Ka ce Nives ta kulle ɗakin, ta ba ka makullin. Kada ta ƙara buɗe min ko na yi kuka."

Ya juya fuskarsa bango. Tullio ya tsaya ya ce gobe zai leƙo. A matakala ya wuce Nives, ta matsa ta ba shi hanya, hawaye yana bin fuskarta ba ta share ba.

Ta dafa kurciyar da man zaitun da ruwan inabi, yadda Oreste yake so. Bai taɓa ba. Kashegari ma bai ci ba, sai ruwa a cokali. Ya daina zagin gwamnati, ya daina tambayar iska. Tullio yakan zo ya zauna awa guda yana kallon bayansa. Sau ɗaya kawai ya yi magana, cikin ruɗewa, ya ce, "Ennio, ka duba murfin." Likita ya ce da ma ana tsammani, ciwon ya ci ƙarfinsa. Likitan ne dai a farkon wata ya ce zai iya ganin Kirsimeti. Rana ta biyar, da hantsi, Tullio yana tsinkar zaitun a bayan gida ya ji Nives ta buɗe tagar sama ta kira sunansa sau ɗaya, a hankali. Ya sauko daga tsani.

Mutum goma sha tara ne a coci, da Fada ashirin. Tullio ya tura keken Delfina har bakin kabari. A hanyar dawowa ta ɗora hannunta a kan nasa ta baya, ta ce, "Ban yi nadama ba, kada ka jira in ce na yi." Ya ce ya sani. Bai ji haushinta ba. Kansa yake jin haushi, kuma ya rasa takamaiman laifin da zai kama kansa da shi, wannan ya fi komai ci masa rai.

Bayan kwana uku Nives ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, cikin baƙaƙen kaya.

"'Yan sanda za su zo ranar Alhamis su kwashe bindigogin da albarushin. Ba ni da takardar riƙewa, ɗanmu kuma ya ce ba ya so. Makullin yana wajenka."

"Zan buɗe musu."

"Ban ce laifinka ba ne, maƙwabci," ta ce. Ta tsaya kamar akwai saura, sai ta juya ta tafi.

Ranar Laraba da yamma ya ɗauki kwalin da wuƙarsa ya shiga ɗakin ɗurin Oreste. Bargon yana rataye a doguwar kujera. Bai hau ta ba, ya jawo akwati ya zauna. Ya shimfiɗa jarida, ya jera harsasai ashirin da huɗu, ya fara yankawa.

Na farko falle-falle, mai ɗan kore. Na biyu haka. Ya ware dalma gefe guda, albarushi gefe guda. A na goma ya gane abin da yake fata: so yake ya ga baƙin yashin nan, ko sau ɗaya, ya san bai hana mutum abin da ya roƙa a banza ba. Ya ji kunyar wannan fatan, ya ci gaba. Na goma sha biyar, kore. Na ashirin, kore. Kowanne bakinsa a naɗe sumul, kowanne awonsa daidai, aikin mutumin da hannunsa bai ci amanarsa ba. Ya yanka na ashirin da uku ya zazzage, ya baza da yatsa ya duba ƙwaya-ƙwaya a hasken taga. Babu baƙi ko ɗigo.

Saura ɗaya. Ya ɗauka, ya ɗora bakin wuƙa a jikinsa, ya tsaya. In ya yanka ya ga kore, to Oreste bai yi kuskure ba ko ɗaya, ya mutu yana ganin kansa mai laifi saboda maganar da Tullio ya faɗa masa. In ya ga baƙi, to abin da tsohon ya juya wa bango fuska a kai gaskiya ne. Ya auna su duka biyun, ya ga babu wanda zai iya ɗauka ya kai gida.

Ta bayan katanga ya ji Delfina tana kira, lokacin mayar da ita gado ya yi.

"Ina zuwa," ya amsa.

Ya naɗe wuƙar ya sa aljihu. Ya tsayar da harsashin a tsakiyar tebur, tsakanin tulin dalma da tulin albarushi. Rana ta riga ta faɗa bayan tudu, ɗan hasken da ya rage yana kan jan kwanson. Ya zauna yana kallonsa har ta sake kira.